Shekara Ashirin da Biyu a Tudun Valparaíso

Leontina, yayata, tana sha tara
likita ya rubuta sunan ciwon a takarda,
ya ce ba zazzaɓi ba ne, hali ne ya karkace.
Mama ta naɗe takardar ta jefa a gwangwanin shayi.

Shekarun wuta ke nan.
Da safe ni ne hasken idonta,
kafin rana ta faɗi na zama maƙiyi.
Riga mai dogon hannu a tsakiyar zafi,
waya ƙarfe ukun dare: tafi, kar ka tafi.
Sau huɗu motar asibiti ta hau tudunmu.

Babu ranar da aka ce ta warke.
Wutar ce ta cinye itacenta a hankali.
Kowace Laraba takan sauka matakala ɗari da sittin
ta koyi ƙirga numfashi kafin ta buɗe baki.

Yau tana arba'in da ɗaya,
tana ɗinke ragar masunta a bakin teku,
aikin farko da ya shekara a hannunta.
Fushin ya tsufa, haƙoransa sun zube.
Ramin ne ya ƙi cikewa:
ran Lahadi takan ce ƙirjinta
kamar ɗakin da aka kwashe kaya.
Ƙawayen da suka gudu ba su dawo ba.

Jiya na makara, minti arba'in cur.
Na tarar da ita a ƙofa, hannunta na rawa.
Ta ce, "Nibaldo, miyar ta huce."
Ta matsa na shiga.