A Bar Mata Muryarta

Shekara goma sha tara ƙofar garejinmu
tana kuka sau biyu a yini:
da hantsi in Malam Haliru zai fita aiki,
da almuru in ya dawo.
Duk layinmu a Mabera an san wannan kuka.
Inno ta bayan katanga takan ce ba ruwanta da agogo,
da ta ji ƙiiii, sai ta sauke tukunya.

Ya sha cewa zai kira mai gyara.
Asabar mai zuwa. In an yi albashi. Bayan salla.
Iyakarsa ya ɗebo baƙin mai a gwangwanin madara,
ya tsoma gashin kaza,
ya bi tayoyin a hankali kamar mai sa wa jinjiri kwalli.
Ta yi shiru kwana uku,
ran na huɗu ta tuna ko ita wace ce.

Bazara ta gasa ta,
sai ka naɗe hannu da tsumma kafin ka taɓa.
Damina ta kwanta a ƙarƙashinta ta ƙi tashi.
Tsatsa ta kama daga gindi,
irin ciwon nan da ba a gaya wa iyali,
tana ci, koren fenti yana rufa mata asiri.

Bara, bayan sadakar arba'in, aka sayar da motar.
Yanzu buhun gero biyu ne a ciki,
da keken jikana Bube,
da baƙin tabo a siminti wanda ya ƙi omo.

Shekaranjiya ta goce daga kan layinta,
ta jingina da bango kamar tsohuwa a layin asibiti.
Na aika aka kira Modi mai walda.
Ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kasa kunne,
ya danna yatsa, yatsan ya wuce.

"Hajiya, wagga ƙohwa ta gaji.
Boris ya mutu, layi ya lanƙwashe,
ƙasanta duk ya koma gari.
In don ta ni ne, a sake sabuwa.
Akwai mai rimot, kina zamne ki latsa,
ta buɗe kanta, ko tari ba ta yi."

Na ce, Modi, ranar da babu wuta fa?
Ya yi dariya. Ya faɗi kuɗin,
ni ma na yi dariya.

Da dare ɗana ya bugo waya:
"Inna, a canza ta mana, ni zan biya.
Wata rana a kan yaro za ta faɗo."
Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban yi barci ba.

Da safe na ce wa Modi:
yanke ruɓaɓɓen, ɗinka mata sabon ƙarfe,
miƙe layin, ɗaure ta daga sama kada ta sake gocewa,
sakata ma sake ta, ga kuɗin kwaɗo.
Tayoyi uku ne, canza biyu.
Ta can ƙurya, bar ta.

"Ai ita ce mai laihin, Hajiya."
Na sani.

Ya dube ni, ya dubi tabon simintin,
ya ja baƙin gilashinsa ya tayar da janareta.
Har azahar tartsatsi na zuba a ƙofar gida,
yaran layi suna kallo ta tsakanin yatsu.
Da zai tafi ya ce in riƙa share layin kullum,
wai yashi ke kashe ƙofa, ba shekaru ba.

Yanzu da yatsa ɗaya Bube ke tura ta.
Tana tafiya sumul, sumul,
sai daf da bango ta yi ƙii,
gajere, kamar gyaran murya.

Ɗazu da almuru ya shigo da kekensa.
Na ji Inno ta sauke tukunya.
Ni kuwa na tsinci kaina tsaye a tsakar gida
da buta cike da ruwa,
ban san wanda zan miƙa wa ba.