Rufin Rami

A Potosi, inda iska ke da tsada
ko ga mai lafiya,
Dakta Nelida Apaza ta ɗumama bakin ƙarfen a tafinta
kafin ta ɗora shi a ƙirjin Saturnino,
mai shekara ashirin da shida yana haƙar kuza a cikin dutse.

"Yi shiru tukuna," in ji ta.

Zuciya ce farko.
Ƙofa biyu take nema, wannan ta rufe, waccan ta bi ta:
dum-tak, dum-tak.
Da ɗaya ta ƙi rufuwa ruf,
da ta ji jini na raɗa ta tsaga, shuu,
kamar iska a ƙarƙashin ƙyaure.
Da bugun na tuntuɓe, da ta ƙirga.
Babu. Masu gadin gidan ba su yi gyangyaɗi ba.

Ta gangara ciki. Hanji na ƙugi.
"Ka karya kuwa?"
Ya yi dariya, ganyen koka ne kawai a kuncinsa.

Sai baya.
"Ja numfashi. Saki. Ƙara."
Dama, hagu, dama, hagu,
tana sauka kamar mai bin tsani,
tana gwada wannan da ɗan'uwansa.
Sama lafiya lau, ba fito, ba kurari.
Can ƙasa, wajen haƙarƙarin ƙarshe,
hannunta ya tsaya.

Ƙaras-ƙaras, siriri,
kamar gishiri a kan garwashi,
kamar an murza gashi a bakin kunne.
"Yi tari."
Ya yi. Abin bai gusa ba.

Saturnino ya san irin wannan tsayawar.
Kullum da asuba yakan ƙwanƙwasa rufin rami da sandar ƙarfe:
in dutse ya amsa tangararan, a wuce,
in ya amsa kamar tulu wofi,
kowa ya ja da baya.

"Ba ni in ji."

Ta sa masa a kunne, ta riƙe masa ƙarfen a baya.
Ya rufe ido.
Ya daɗe a ciki, kamar ya shiga ba fitila.

"Rufin nan," ya ce,
"ba yau zai faɗo ba.
Amma yana son tokari."

"Hoton ƙirji ran Talata.
Ƙurar da ka sha kuma ta isa haka."

Ya sa maɓalli, ya tsallake ɗaya,
ya kwance, ya sake.
A bakin ƙofa jikarsa Wara na zaune,
hular kwanonsa a cinyarta,
tana kunna fitilar tana kashewa.