Waƙar da Muka Rera Ba Mu Ji Ba

Sau goma sha bakwai na kalle shi,
a silimar nan marar rufi ta bayan tasha,
sama taurari, ƙasa ɓawon gyaɗa.
Mu 'yan benci ne, sule uku a ƙulle a bakin wando,
mu tako daga Rafindadi da ƙafa,
mu koma gari ya yi tsit, karnuka na yi mana rakiya.

Ko ɗigo ba mu ji a yaren.
Nalado ke yi mana tafinta,
shi da bai taɓa wuce Funtuwa ba.
Jarumi ya buɗe baki: "Ya ce sai ya rama."
Jaruma ta sunkuyar da kai: "Ta ce za ta jira."
Muka haɗiye. Wa ke da ta musu?

Akwai waƙar nan ta cikin lambu,
ita da farin gyale, shi da sarewa,
ruwa na zuba, ba mai neman laima.
Na ɗauke ta da gurguwar murya,
na cusa mata kalmomin da bakina ya iya juyawa.
Ita na rera wa Barira a zaurensu na Saulawa,
ƙannenta na leƙe, suna ƙunshe dariya da hannun riga.
Ita nake gunguni a kan keken ɗinki,
ƙafa na taka kiɗa, allura na amshi,
shekara arba'in da 'yan kai.

Bara jikata Ramlatu ta zo da shi a waya,
an juye shi da Hausa, muryar wani yaro mai rawar kai.
Ya bi waƙar baiti-baiti.
Ashe ban kwana ce.
Ya sai da gonar ubansa, zai bi jirgin asuba,
cewa yake ta manta da shi.

Barira ta aje farantin da take tsintar shinkafa.
"Wato, tela, tun a zaure kake sallama ta,
ni kuwa ina ta murmushi."

Sai ga yaron gidan nan,
wanda suka shafa wa baƙin tukunya a fuska,
wanda in ya faɗa kwata benci ke girgiza,
mu riƙe ciki, har wani ya zubar da rakensa.
Ramlatu ko gezau.
Ta dubi waya, ta dubi bayan hannuna.
Na tura hannun cikin aljihu.

Yarinyar ma, ashe sau uku ta ce ya ƙyale ta,
ya damƙe mata wuyan hannu.
Daidai nan muke yin tafi da fito.

Na sami Nalado a Ƙofar Ƙaura,
cikin matattun rediyoyinsa, ido ya yi yana.
Na zayyana masa. Ya ja tsaki:
"Tasu fassarar ce ƙarya."
Na ce hannun fa? Na ce fuskar fa?
Ya daɗe yana murza wani kusa da ba ya shiga ko'ina.
"Yara ne mu," ya ce. Na ce ina, da gemunmu.
Shayi ya huce a tsakaninmu.
Can sai yatsansa ya fara buga teburi,
ban san sa'ad da na kama masa ba,
tsofaffi biyu, haƙora ba su cika ba,
muna jan baitin da babu shi a kowane yare.

Silimar yanzu rumbun siminti ce.
Ban iya cewa fim ɗin na da gaskiya,
ban kuma iya tofar da shi.
Ƙaya ce a cikin tsokar kifi.

Jiya da dare ina lilin wuyan riga,
ta kuɓuce mini a hanci.
Daga ɗaki Barira ta ce, "Wacce kake yi,
tasu ko tamu?"

Na ce tamu.
Ta ce, "To ɗaga murya, fanka na ƙara."