Gonaki Arba'in a Gefen Titikaka

Malama Ticona ta ce mini a aji, a Puno:
kar ki hau dutse da amsa a aljihu,
ki hau da tambaya guda, siririya,
wadda za ta shiga kafar allura.

Ga tawa:
me ya sa sanyin dare ke ƙone dankalin wannan gona
ya bar na maƙwabciya kore shar?

Hasashena da fensir na rubuta, don ya gogu:
kunyar da ruwa ya kewaye
tana riƙe ɗumin rana har asuba.
Hasashe baƙo ne, in ji malama,
ki ba shi tabarma, kar ki ba shi makullin gida.

Gonaki dubu a kwarin, ƙafata biyu.
Sai samfuri.
Ba a shanye miya don a san gishirinta,
cokali ɗaya ya isa, in an motsa tukunya.
Ni ban motsa ba.
Na zaɓi arba'in, duka a bakin hanya,
inda mota ke sauke ni, inda karnuka suka san ni.

Tsohuwa Eusebia ce ta kama ni.
Ta dubi taswirata tana tauna ganyen koka,
ta ce: 'yar nan, masu takin kanti kawai kika auna.
Mu na can sama, sanyinmu daban.
Sunan wannan karkata.
A littafi layi biyu ne,
a ƙafa mako uku ne da takalmi guda.

Na rubuta sunan kowace gona a guntun takarda,
na zuba a hularta mai tudu,
jikanta Wilber ya rufe ido ya ɗebo.
Ƙuri'a ba ta san hanya ba, ba ta san dangi ba.

Ashirin masu ruwa, ashirin marasa shi,
don in babu abin kwatanci
kowa ya ga kurarsa sai ya ce ta fi girma.
Ma'aunin zafi a kowace kunya,
ƙarfe huɗu na asuba, yatsuna sun ƙi riƙe biro.
Abu ɗaya na zo bi,
amma masu sauyawa sun fi ni yawa:
iri, gangare, iska,
da wata alfaka da ta tattake ma'auni na sha bakwai.

Kafin hira nakan nemi izini.
Mutum uku suka ce a'a.
Na rubuta a'ar, ban rubuta sunansu ba.

Tun a Yuni, kafin shuka,
Saturnino ya kai ni tsauni mu ga Kaza da 'Ya'yanta.
In sun dushe, in ji shi, ruwa zai makara.
Na ce: ashe taurari ke hana ruwa?
Ya yi dariya: zakara ke fito da rana?
Tafiya tare ba haihuwa ba ce.
Shekara hamsin yana lura, ba takarda.
Ni wata tara, da jaka cike da bayanai.

Da na zauna nazari, alƙaluma suka ce:
masu ruwa sun fi ɗumi
a dare ashirin da shida cikin talatin.
Huɗun da suka ƙi ban share su ba,
suna nan a shafi na tara, suna hararata.

Iyakata na faɗa da bakina:
kwari ɗaya, damina ɗaya, ma'auni ɗaya a fashe.
Hanyar kuma na bar ta a rubuce, taki-taki,
don wani ya maimaita, ya kama ni in na karkace.

Ranar tafiya Eusebia ta cusa mini busasshen dankali a jaka.
Ta ce: to, yanzu kin sani?
Na ce: kaɗan.
Ta ce: baɗi ki zo da safa biyu.