Katin Asibiti na Uku

Butar shayi ta huɗu ke nan da na ƙona a bana.
Na ɗora ta, na fita aron ashana,
ashanar kuwa tana aljihuna,
na dawo da labarin ƙwallo da rabin rake.

A shagona na Gangare riguna goma sha ɗaya ke rataye,
wata ba hannu, wata ba wuya.
Kowace na fara ta da ɗoki irin na sabon ango,
na bar ta ranar da wani yadi ya ƙyafta mini ido.

Tun ina aji uku ake kirana mai kunnen ƙashi.
Inna ta ce iska ce, ta kai ni aka tofa.
Baba ya ce iskanci ne, ya yanko tsumagiya.
Ko a sallah, kafin raka'a ta biyu,
sai in tsinci kaina ina auna kafaɗar na gabana.
Ƙabli da ba'adi sun zama 'yan gidanmu.

Wata nas ce, Kangyang, ta kawo ɗinkin farin kaya.
Sati uku tana zarya, ba ta ɗaga murya ba.
Ran nan ta zauna tana kallona
ina neman almakashin da ke maƙale a hammatata,
ta ce, Tasi'u, ƙanena ma haka yake,
abin nan yana da suna.

Na fara da wani ƙaramin asibiti a Nasarawa,
aka ce in rage shayi, in riƙa barci da wuri.
Na je wani a Rayfield, mai furanni a ƙofa,
kuɗin ganin likita ya kai hayar shagona ta wata,
na gode musu, na sha ruwan sanyinsu, na fito.
Na yanki kati a Lamingo, ya ɓata.
Na yanki na biyu, na zo Alhamis, ashe Talata aka ce.
Mai ciwon mantuwa aka ba ranar da zai tuna!
Na uku matata Laraba ta ɗinke shi a cikin hulata.

Dakta Nanbam ba ta yi sauri ba.
Ta tambayi yarintata, ta tambayi barcina,
ta sa na kira Inna a waya ta ba da shaida.
Sai a zuwa na uku ta rubuta haruffa huɗu, ADHD,
ta juyo takardar ta fuskance ni.
Ta ce, kanka kasuwar Terminus ne ana jajibiri,
kowa na kiranka, ba ka san wa za ka amsa wa ba.
Ba lalaci ba ne.

Na kalli tagar, duwatsun Shere sun yi shiru cikin gajimare.
Shekara talatin da shida ina zagin wani yaro
wanda bai yi laifin komai ba.
Ban yi kuka a gabanta ba. A Keke na yi.

Maganin yana da tsada, wani watan ma babu shi a gari,
yana kuma ɗauke mini sha'awar tuwo.
Duk sati biyu ina zama da mai ba da shawara,
ya koya mini rataye riga ɗaya tak a gabana,
sauran a bayan labule,
da agogon waya mai ihu idan ruwa ya tafasa.

Ban warke ba, ba a ce ma zan warke ba.
Jiya ma na bar makulli a jikin ƙofa.
Amma yau, ana yayyafin nan na Jos mai shiga ƙashi,
na kai wata shuɗiyar shadda har maɓallin ƙarshe,
na cije zaren,
na zauna ina sauraron
yadda keke ke yin shiru idan aiki ya ƙare.