Wasiƙa Zuwa Ga Barewa

A nan Vermont bazara baƙuwa ce mai gaggawa,
ba ta kwance kaya, ba ta cire takalmi.
Wata uku ne, in ta yi mana kara, da 'yan kwanaki.
Don haka ranar da ƙasa ta saki sanyinta
na rufe littafin lissafi na ce wa yara,
makaranta ta tashi daga teburin kicin,
ta koma bayan gida.

Thea, mai shekara goma, ta ja igiya ta kafa turaku,
wake nan, tumatir can,
kabewa jikin shinge, don ita ba ta san iyaka ba.
Kashi ɗaya cikin huɗu da ya sa ta kuka a Fabrairu
yau ga shi shimfiɗe a ƙasa, tana taka shi da ƙafa.

Junie ta kwaso duwatsu daga bakin rafi
ta shafe su da fenti:
ja na tumatir, ruwan ɗorawa na kabewa,
ɗaya kuma shuɗi.
Na ce, wannan fa na mene ne?
Ta ce, na abin da bai fito ba tukuna.
Har wutsiyar kare ta samu rabonta.

Sai Ansel.
Shekara bakwai, shi da haruffa ba sa ga maciji.
In na buɗe littafi sai ƙishirwa ta kama shi,
ko fensir ya faɗi ƙarƙashin tebur ya ƙi samuwa.
Dare nawa na yi ina juyi
da maganar maƙwabciyarmu, Misis Thibault, a kunne:
"Motar makaranta fa kullum tana bi ta ƙofarku."
Wendell yakan ce cikin magagin barci,
"Ƙyale shi, kowane iri da ranar tsirarsa,"
ya ja bargo.
Shi da sauƙi. Ba shi ke riƙe da alli ba.

Amma waken nan Ansel ne ya shuka shi,
rami-rami, da ɗan yatsansa,
yana gaishe shi da safe kafin ya gaishe ni.

A Yuli barewa ta sauko daga daji.
Muka yi mata mutum-mutumi da tsohuwar rigar Wendell,
bokiti ne kai, marafan kwalba idanu.
Ta zo ta ci abinta a inuwarsa.

Yaron bai yi kuka ba.
Ya tsaya kan kunyar da aka aske, ya daɗe,
sannan ya shigo ya yage kwalin takalmi.
"Mama, yaya ake rubuta, nawa ne?"
Hannuna cikin kumfar wanke-wanke.
Ban juyo ba, don kada murnata ta kore shi.
Na faɗa masa baƙi ɗaya-ɗaya,
ina ta cuɗa kofin da ya riga ya fita.

Awa guda yana fama, harshe a waje.
Harafi biyu sun ba juna baya,
na ƙarshe ya rasa wuri ya gangara gefe.
Ya kafa shi da ƙusa a kan sanda, daidai tsayin idon barewa.

Gari ya waye, babu sauran ganye.
Allon kaɗai ke tsaye, raɓa ta jiƙa shi.
Ya dube shi, ya dubi sawun kofato, ya ce,
"Ƙila ita ma ba ta iya karatu ba tukuna.
Zan ƙara musu girma."

Yanzu Satumba ce, an ce daren yau raɓa za ta daskare.
Muna tsinkar ɗanyen tumatir da fitila a hannu.
Waken da ya tsira bai cika tafin Junie ba,
mun zuba shi a ambulan don baɗi,
kuma ba ni na rubuta sunan da ke bayansa ba.