Lamba a Cikin Ɗigo

Shekara huɗu a jami'ar Wad Madani
ina karatun ƙasa da ruwa da auduga,
amma rabin idona na kan allon sanarwa
inda ake liƙa takardar masu son anini a kafaɗa.

Sharuɗɗan na haddace su kamar sunayen ƙannena:
digiri a hannu, shekaru kada su zarce,
ba mata, ba tabon kotu,
sai shaidar zama ɗan ƙasa,
wadda ta cinye mini wata uku da takalmi ɗaya.
Kakana ya taso daga yamma da sanda, niyyarsa Makka,
Shuɗin Nilu ya riƙe masa riga a Maiwurno.
Sai da dattawa biyu suka yi rantsuwa
kafin magatakarda ya yarda
an haife ni inda aka haife ni.

Ni da Ja'afar, kullum kafin assalatu,
muna gudu a gefen magudanar gonaki,
karnuka na raka mu da zagi.
Shi ya koya mini lilo a reshen dalbejiya,
wai ƙashin baya yana miƙewa.
Ko ya miƙe ko bai miƙe ba,
ranar awo a Omdurman
katakon ya sauko, ya taɓa gashina,
saje ya ce: wuce.

Mu ɗari uku, daga mu sai gajeren wando,
an rubuta wa kowa lamba a ƙirji.
An ƙwanƙwasa gwiwa, an leƙa haƙori
kamar masu cinikin ragon layya.
Na yi gudu, na zo na tara.
Har na fara jin nauyin hular a kaina.

Sai ɗaki na ƙarshe. Fanka tana kuka.
Likita mai furfura ya buɗe wani ɗan littafi.
"Wace lamba ka gani?"
Na ga gero da dawa an zube a faifai.
Ya juya shafi. "Nan fa?"
Tsakuwa. Ƙwan kifi.
A bayana Ja'afar ya yi tari mai kama da saba'in da huɗu.
Na ji shi sarai. Na haɗiye.
Shafin gaba wa zai yi mini tari?

Likita ya cire tabarau.
"Ɗana, ja da kore uwarsu ɗaya a idonka.
Ba ciwo ba ne, ba kuma magani.
Amma in dare ya yi, aka harba wuta sama,
ɗaya tana cewa taho, ɗaya tana cewa kwanta,
kuma mutum talatin na bayanka."

Motar dawowa ta yi tsawo.
Na dubi gonakin Jazira ta taga
ina tambayar kaina: to, me sauran mutane ke gani?

Na tarar da Inna Zulai tana tace zoɓo.
Na faɗa mata. Ta ajiye rariya,
ta dube ni, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki:
"Ashe! Shekara ashirin, Sabi'u,
ina zaginka kan ɗanyen tumatir!"
Sannan ta juya wajen murhu
ta daɗe tana goge ido, wai hayaƙi.
Murhun kuwa tun hantsi ya mutu.
Da dare na jiyo ta a kan tabarma
tana godiya ƙasa-ƙasa, don kada in ji.

Ja'afar ya aiko hoto bayan damina biyu,
anini ɗaya, wuya ya rame, dariyar tana nan.
Ni ina buɗe ƙofofin ruwa ga manoman auduga;
ita dai fara ce, ba ma gardama.

Wani lokaci da la'asar Inna kan miƙo kofi
ta ce, "Faɗi, wane launi?"
In ce, "Mai tsami."
In shanye.